A Ƙasarmu Babu Tsauni

"Nuna mini tsaunin," Baffa Anyieth ya ce. "Shi kaɗai na roƙa, Inna. Ki miƙa hannu ki ce ga shi can, ni kuma in rufe bakina har kabari."

"Makauniya kake cewa ta nuna maka abu? Kai mai idanu biyu, me ka taɓa gani ban da gindin saniya?"

"Na ga ƙasar nan kaf, da ƙafata ɗaya da rabi. Shimfiɗe take kamar fatar da aka shanya. Abin da ya fi komai tudu a wajenmu suri ne, shi ma gara ce ta gina. A kan suri za a kafa tutar taki?"

"Ba tawa ba ce."

"To ta wa?"

Kaka Adhieu ta lalubo dogon gicciyenta na itace, wanda take dogarawa in za ta coci, ta ɗora shi a kan cinya. Tari ya taso mata, ya daɗe kafin ya sake ta.

Ni ina bakin garke, ina shafa wa maraƙi toka saboda ƙuda. Wannan faɗan ya girme ni.

Akwai wani ɗan gajeren wuri a cikin Littafi Mai Tsarki. Wani annabi na dā ne ya faɗe shi, mutumin da bai taɓa shan ruwan koginmu ba. Kaka ba ta karatu, amma tana da shi a ka, a waƙe, yadda matan coci suka rera shi a shekarun gudu. Takan ƙirga shi da yatsu. Ƙasa ce mai ƙarar fukafukai: dā sauro ne, in ji ta, daga baya jiragen yaƙi suka zo suka karɓi aikin. Mutanenta na tafiya a kan ruwa cikin kwalekwalen da aka ɗaure da karan bakin kogi. Dogaye ne, fatarsu sumul. Koguna sun rarraba ƙasarsu. Kafin girbi, amfani ya soma nuna, za a zo da wuƙa a sassare rassan. Abin da aka sare za a bar wa tsuntsaye su ci rani a kansa, namun daji su ci damina.

A nan yatsunta sukan tsaya.

Shekarar da wuƙar ta zo mana, shekarar ungulu muke kiranta. Ina cikin ciki a lokacin. Dawa ta yi kai, ana jiran ta bushe, masu bindiga suka shigo ƙauyukanmu na gefen garin Bor. 'Ya'yan Kaka maza biyar ne. Huɗu suka kwanta a gona ɗaya, har da mahaifina, Thon. Na biyar ɗin shi ne Baffa, wanda ya kwanta a tsakaninsu da harsashi a cinya, ya yi kamar ya mutu. Ba wanda ya binne kowa. Da aka dawo bayan shekaru, ko ƙashin da za a ce na wane ne ba a samu ba.

Saura yatsa ɗaya. Annabin ya ce za a kafa tuta a kan tsaunuka, a busa ƙaho, duk mazauna duniya su gani su ji. Ga shi kuma rediyo ya ce ranar Asabar mai zuwa za a sauke tsohuwar tuta a Juba, babban birni, a ɗaga tamu, ta sabuwar ƙasa mai 'yanci.

"Ayuen," Kaka ta kira ni. "Zo nan, mai haƙora cike da baki."

Haka take ce mini. A sansanin 'yan gudun hijira na Kenya na girma, ba a cire mini haƙoran ƙasa ba, ba a yi mini zane a goshi ba, kamar yadda ake yi wa samarinmu. Na gama sakandare a can, na dawo da takarda, takardar ba ta san hanyar ko'ina ba.

Na zo na tsuguna.

"Ka yi boko. A bokon naku an ce akwai tsauni a Juba?"

"Akwai, Kaka. A bayan gari."

"Ka ji," ta ce wa Baffa.

"A bayan gari," in ji Baffa. "Ni na san filin da za a yi taron. Na yi gadi kusa da shi. Ko ƙwai ka ajiye ba zai gangara ba."

Kaka ta kama wuyan hannuna. Yatsunta sun zama kamar kara. Tun farkon damina ba ta gama tuwon da aka zuba mata ba.

"Ka saurara. In an kafa ta a kan tsauni, maganar tamu ce daga farko har ƙarshe. An san da 'ya'yana tun kafin a haife su, an san inda za su kwanta. In kuwa a fili aka kafa ta, to maganar wasu mutane ce can, na ari rigar da ba tawa ba. 'Ya'yana nama ne kawai da tsuntsaye suka tsinta. Ina so in san wanne ne kafin in je in same su."

"Inna, ki bar yaron nan," Baffa ya ce.

"Za ka je ka gano mini. Kuma kada ka dawo da baki kawai. Ka ɓallo mini ɗan guntun tsaunin in taɓa. Tun da aka haife ni ban taɓa riƙe dutsen da ya fito daga jikin tsauni ba."

Gaskiya ne. Ƙasarmu laka ce zalla. Yaro in zai jefi kare sai dai ya nemi busasshen hoge.

"In ka yi mini ƙarya zan sani," ta ƙara. "Muryarka takan sirance kamar ta ɗan akuya."

Da safe Baffa ya raka ni hanya, yana jan ƙafarsa a cikin taɓo. Sai da muka wuce gonakin ƙarshe ya yi magana.

"A fili za su kafa ta. Ka sani, na sani. Kada ka kawo mata wannan. Ka tsinci dutse a bakin titi, ka yi kauri da murya, ka ce mata a ƙololuwa ka gan ta. Ta mutu da daɗi."

"Kai da kake musu da ita kullum?"

"Musu daban. Uwata ce." Ya tofar da yawu ta giɓinsa. "Ita ka yi mata ƙarya. Ni kada ka yi mini."

Na hau bayan wata babbar mota mai ɗauke da awaki da mutane. Hanyar ta cinye mu a hankali. Mu tura, mu hau, mu sauka mu sake turawa. Kowa na waƙa. Ni ban yi ba. Ina ta gwada muryata a ciki, ina neman yadda zan ce "a ƙololuwa" ba tare da ta sirance ba.

Ban taɓa ganin mutane irin na ranar nan ba. Tun hantsi filin ya cika, ya tumbatsa har kan bishiyoyi da rufin motoci. Rana ta tsaya a kanmu. Sojoji na faɗuwa a cikin sahu, ana janye su. Tsawona ya yi mini rana, ina hango komai ta saman kawuna. Ga doguwar sanda ta ƙarfe, fara, a tsaye. Na bi ta da ido har ƙasa. Siminti ne, a shimfiɗe. Baffa bai yi ƙarya ba.

Aka busa ƙaho. Tutar ta soma hawa.

Filin ya yi wata ƙara da ban san sunanta ba. Wani tsoho kusa da ni, mai lambobin soja a ƙirji, ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro. Mata na faɗuwa. Can gefe Turawa da Larabawa da mutanen ƙasashen da ban sani ba sun jera na'urorin ɗaukar hoto, kowanne na magana da sauri cikin harshensa. Duniya ta gani, ta ji. Wannan kam ba musu.

Amma a fili ne.

Na tsaya kamar turke, kowa na rungume kowa. Na ji haushin annabin. Mutum ya san sauronmu, ya san kwalekwalenmu, ya san lokacin da dawa ke nuna, sa'an nan ya zo ya yi kuskure a kan abu ɗaya da tsohuwa ke jira.

Na kutsa na fita. Tsaunin na can yamma da gari, baƙi, kwance kamar bijimin da ya ƙoshi. Na ce aƙalla dutsen ya zama na gaskiya, ko da maganar ba za ta zama ba. Rabin ƙarya ta fi sauƙin ɗauka. Na nufe shi da ƙafa.

Ban iya hawa ba. Ƙafafuna ba su san abin ba. A wajenmu ƙasa takan tsaya inda ka bar ta, wannan kuwa tasowa take tana neman fuskarka. Na kama da hannu, na goge gwiwa, numfashina na fita kamar na saniya mai naƙuda. Ga duwatsu ko'ina, da na so da na ɗauki ɗaya na juya. Ban san abin da ya hana ni ba. Wataƙila ina so ne in ce mata na kai sama ba tare da muryata ta canza ba.

"Kai, Dogo! Haka ake hawa a garinku, da ciki kamar kada?"

Wata mata ce a sama da ni, gajera, kakkaura, ta ɗaure zani a ƙugu, da ƙunshi a ka. Ba 'yar wajenmu ba ce, da Larabcin kasuwa ta yi mini magana.

"Garinmu babu irin wannan, Mama."

"Ai na gani. Ku mutanen shanu, Allah ya ba ku ƙafa har wuya, ya hana ku inda za ku hau. Taho, kai nake nema tun ɗazu."

"Ni?"

"Kowane dogo. Kai ne ka zo."

Sunanta Poni. Shayi take sayarwa a gindin tsaunin. Ta wuce gaba tana taka duwatsu kamar tsakar gidanta, ina binta da rarrafe, tana yi mini dariya ba ta ko waiwayowa. A can sama akwai wata busasshiyar bishiya da ta fito daga tsagar dutse, reshe ɗaya ya miƙe sama. Ta sauke ƙunshin.

"Don ɗana ne," ta ce. "Lado. Yana asibiti can ƙasa, ƙafafun duka biyu nakiya ta ɗauke. Ya yi yaƙin, an hana shi zuwa bikin, wai babu mai ɗaukarsa. Tagar ɗakinsu nan take kallo. Na ce masa, ka zuba ido bayan la'asar, uwarka za ta kawo maka bikin har gado. Na zo, ga reshe, ga ni guntuwa. Ungo, ɗaura mini can ƙarshe. Ka ɗaure da kyau, iskar nan ba ta da kunya."

Ta miƙo mini gora da igiya. Na taka tushen bishiyar, na miƙe iyakar tsawona, na ɗaure gorar a jikin reshen. Hankalina na kan ƙullin, kada ya kwance, kada in zame. Ta ce in ƙara wani. Na ƙara. Ta ce in saki ƙyallen da ke naɗe.

Na saki. Iska ta fizge shi daga hannuna, ya buɗe da ƙara kamar an mari ruwa.

Tuta ce, da hannu ta ɗinka ta. Baƙin daga tsohon siket ne, koren ya koɗe, tauraron ya karkace gefe guda.

Ban sauko ba. Na kasa.

"Lafiya, Dogo? Jiri ne? Kada ka faɗo mini, ba ni da inda zan kai tsawon nan."

Daga can ƙasa, daga bariki ko daga filin, ƙaho ya sake tashi, siriri, iska ta kawo shi har inda nake. Na duba gefe. A kan wani dutse can gaba samari sun kafa tasu, babba, ta kanti. Gaba da su wata. A kan wani tsauni mai nisa, hayin kogi, wani ɗan abu na motsi wanda ba tsuntsu ba ne. Ba gwamnati ce ta aiko su ba. Kowa da dalilinsa ya hau, kamar matar nan.

Sai na duba ƙasa, karo na farko a rayuwata daga sama.

Na sha jin cewa koguna sun rarraba ƙasarmu. Na ɗauka magana ce. Mu da muke ciki ruwa kawai muka sani, yau ya zo, gobe ya tafi da maraƙi. Daga nan kuwa ga shi a zane. Kogin ya taho daga kudu yana walƙiya, ya tsage biyu, ya haɗe, ya sake tsagewa, ƙananan rafuka na shigarsa ta kowane gefe, kore a tsakaninsu yanki yanki, har can arewa inda ƙasa ta narke cikin sama, inda Kaka ke zaune. Kamar an ɗauki wuƙa an yanyanka ƙwarya. Wanda ya faɗi maganar nan daga sama ya gan ta. Annabin kuwa bai taɓa zuwa ba.

Na ji ni ƙarami ƙwarai, kuma a fili, kamar ƙwaro a tafin hannu.

"Mama, kin san an rubuta wannan?"

"An rubuta me?"

"Tuta a kan tsauni."

"A jarida?" Tana ta ɗaga zaninta tana kaɗawa wajen gari. "Ni dai Lado ya gani. Kana jin ya gani?"

"Ya gani."

Na ɓalli ɗan dutse daga tsagar da bishiyar ta fito. Da ɗumin rana a jikinsa.

Da na iso gida na tarar an fito da Kaka inuwar bukka, a kan fata. Ta ƙara ƙanƙancewa. Baffa na gefe yana murza igiya. Ya dube ni, ya ɗaga gira, wato ka tuna abin da na ce.

Na sa mata dutsen a hannu. Ta juya shi. Ta shinshina. Ta taɓa shi da harshe.

"Ɗan wannan, da nauyi haka? To uwarsa fa?" Ta rufe shi da hannu biyu. "Faɗi."

"Ta gwamnati a fili aka kafa ta, Kaka. A kan siminti."

Hannun Baffa ya tsaya a kan igiya. Kaka ba ta motsa ba.

Na faɗa musu sauran. Hawan, da matar, da ɗanta, da gorar, da sauran tutocin, da ƙahon, da kogin. Ban ƙara komai ba. Ban iya ƙari ba ma.

"Sake faɗin wurin da iska ta buɗe ta," Kaka ta ce.

Na sake.

"Muryarsa ba ta sirance ba, Anyieth. Ka ji da kunnenka."

"Kai ne ka ɗaura ta ke nan," Baffa ya ce mini. "Da hannunka. An aike ka ka gano, ka je ka ƙera."

"Ni ne. Ban san abin da nake yi ba sai da na gama."

"Matar fa? Wani fasto ne ya turo ta?"

"Ba ta taɓa jin maganar ba. Ta ce ko a jarida ne."

Na zaci zai yi dariya, ko ya kawo wata hujjar, don ba ya rasawa. Sai na ga ya sunkuya kan igiyarsa.

Kaka ta ɗora dutsen a ƙirjinta ta soma waƙar, daga farko, da 'yar muryar da ta rage mata. Fukafukai, kwalekwale, dogayen mutane, tuta, ƙaho. Yau ba ta ƙirga da yatsu ba, ba ta tsallake komai ba. Ta bi ta wani baiti da ke tsakiya, wanda ba ya cikin ƙirga don ba alama ba ne, ba abin da mutum zai nuna ya ce ga shi. A nan Ubangiji ne da kansa yake magana. Ya ce shi zai yi shiru, ya zuba ido daga mazauninsa, kamar zafin da ke rawa a kan ƙasa da tsakar rana, kamar raɓa a lokacin girbi. Daga nan sai wuƙa, sai tsuntsaye.

Ta kai ƙarshe. Fuskarta ta kwanta, irin kwanciyar da ban taɓa gani a kanta ba.

"Thon," ta ce a hankali. "Kuol. Mabior. Alier. An san da ku." Sai ta ce a kawo mata madara, tana jin yunwa.

Ban tashi ba, saboda Baffa. Baitin nan ya ji shi sau ba adadi, a coci, a sansani, a bakin uwarsa. Yakan ji shi yana murza igiyarsa. Yau ya ajiye igiyar. Yana kallon gona, inda dawar bana ta kai gwiwa, rana na dukanta.

"Ba iska ranar," ya ce. Ba da mu yake ba. "Ina kwance, kan Alier a kan hannuna. Bai mutu da wuri ba. Ungulaye suka sauko, suka tsaya nesa kaɗan, suna jira. Ba na iya ko kora, in na motsa a gan ni. Na sa ido a kan karan dawa don kada in kalle su. Sama da gonar zafi na ta rawa. Ta rawa kawai. Na ce a raina, babu kowa. Babu wanda ya ga wannan. Da haka na iya tashi daga baya, da haka nake cin tuwo."

Kaka ta miƙa hannu wajen muryarsa, ba ta kai ba.

Ya juyo ya dube ni, ni da na yi boko, ni da na hau tsauni. Sa'an nan ya dubi uwarsa.

"Ke nan Ubangiji yana wurin, Inna? Duk tsawon yinin nan, yana kallo?"